ZURFIN CIKI BA HAƘURI BA NE: YADDA ZA KI SAUKE DAMUWA KAFIN TA KWANTAR DA KE

  

Yau zancen namu a kan wani ciwo ne da ba ya fitar da jini, ba ya tsiro da ƙurji, amma yana cin mace kamar yadda gara take cin azara, daga waje kin ganta lafiya lau, ciki kuwa duk ya zama gari. Wannan ciwo shi ne damuwa, da 'yan rakiyarta su fargaba da zullumi da yawan saƙe-saƙe.

Sau nawa kika ga yarinya son kowa, mai fara'a da wasa da dariya, kwatsam sai ta koma shiru-shiru, ta rame, idanu suka yi zuru-zuru? In an zuba mata abinci ta tsattsakura ta ture, in an yi mata magana ta yi firgigit kamar wadda aka tasa daga barci. A tambaye ta, "Wance lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau, kaina ne ke ɗan ciwo." Shi ke nan sai a aiki yaro kemis ya sayo Panadol, a wuce wurin. Alhali labarin zuciya a tambayi fuska.

ME KE DAMUN 'YAN MATA?

Manya kan ce, "Ke da ba ki ciyar da kowa, ba ki biyan kuɗin haya, me zai dame ki?" Wallahi da sun san abin da ke cikin zuciyar 'yar shekara sha shida da ba su faɗi haka ba.

Ga ɗaliba 'yar aji shida, WAEC da NECO sun tunkaro, ga JAMB a gefe, ta san da ƙyar da jibin goshi aka haɗa kuɗin rajista, an kuma gaya mata in ta faɗi babu mai sake biya. Ga wadda ta gama makaranta shekara uku tana zaune a gida, duk ƙawayenta sun yi aure, kowane biki ta je sai wata gwaggo ta ja ta gefe ta ce, "Ke kuma sai yaushe?" Ga wadda saurayinta ya ɗauke ƙafa babu faɗa babu dalili, kullum bayan magariba kunnenta yana ƙofar gida, idonta yana kan waya. Ga wadda ake son haɗa ta da wanda ba ta so, ga wadda take zaune hannun matar uba, ga wadda kullum take kwana tana jin iyayenta suna sa'insa a kan cefane. Ga kuma amaryar da aka kai gidan yawa, ba ta san kowa ba, in ta yi magana a ce ta cika rawar kai, in ta yi shiru a ce girman kai gare ta.

Sannan ga wayar hannu ta ƙaro mana nata. Ki buɗe WhatsApp ko Instagram ko TikTok ki ga lefen wata akwati goma sha biyu, ki ga falon wata, ki ga ankon wata, sai ki ji duk duniya kowa ya dace ban da ke. Kin manta ba wadda take ɗaukar hoton ranar da ta kwana tana kuka.

Kada ki ɗauka ke kaɗai ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne suke fama da ciwon fargaba a duniya, mata sun fi maza yawa a ciki, kuma yawanci abin yana farawa ne tun ana yara ko lokacin balaga. Abin takaicin shi ne kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne kawai yake samun magani.

ABIN DA KE FARUWA A JIKINKI

Da farko ki sani fargaba ita kanta ba aibu ba ce, Allah Ya halitta mana ita ne don kariya. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta ƙarama. Da zarar ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, misali kare ya biyo ki, sai ta aika wa halittar nan saƙo ta saki wasu sinadarai cikin jini, ɗaya ana kiransa adirinalin, ɗayan kotizol. Nan take zuciya ta shiga dukan uku-uku, numfashi ya yi sauri, tafin hannu ya jiƙe, miyau ya ƙafe, jini ya bar hanji ya tafi ƙafafu da hannuwa don ki samu ƙarfin gudu. Abin da muke cewa "gabana ya faɗi" ke nan. In kin tsira, sai jiki ya koma daidai.

To matsalar ita ce jiki ba ya bambance kare da tunani. Tunanin jarrabawa, tunanin maganar da kishiyar uwa ta yaɓa miki, tunanin wanda bai kira ba, duk haka jiki yake karɓarsu. Shi kare minti biyu ne ya wuce, tunani kuwa sai ya kwana ya wuni, ya yi wata yana bin ki. Jikin da aka shirya shi don gudun minti biyu sai ya zauna cikin shirin gudu dare da rana. Daga nan ne ciwon kai yake fitowa, da riƙewar wuya da kafaɗa, da nauyin ƙirji, da murɗawar ciki, da rashin barci, da saurin fushi, da mantuwa. Wata ma har al'adarta takan rikice.

Ku ɗalibai, ga wani abu da ya shafe ku kai tsaye. A shekarar 1960 wani likita ɗan ƙasar Kanada mai suna Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya yi rubutu a kan wani ciwo da ya lura da shi a jikin ɗaliban Najeriya, ya sa masa sunan da ma'anarsa ita ce gajiyar ƙwaƙwalwa. Ɗalibi ya ji kansa yana zafi ko kamar wani abu yana yawo a ciki, idonsa yana yaji, ya karanta shafi guda sau da yawa bai fahimci komai ba. Yau sama da shekara sittin ke nan, amma duk wadda ta zauna makarantar kwana ta san wannan hali. In ya same ki kada ki ce kin zama daƙiƙiya, kada kuma ki zargi kowa da yi miki asiri don a hana ki cin jarrabawa. Ƙwaƙwalwa ce ta gaji tana neman hutu.

Akwai kuma zancen olsa. Mun saba cewa tunani ne yake kawo ta. A shekarar 1982 wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano cewa wata ƙwayar cuta ce take haddasa mafi yawan gyambon ciki, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Wani babban dalilin kuma shi ne yawan shan magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibufurofen. Damuwa takan tsananta zafin, musamman ga mai ƙin cin abinci. Kin ga ke nan yarinyar da damuwa ta sa wa ciwon kai, ta riƙa afa ƙwayoyi kullum a kan cikin da babu komai, da hannunta take jawo wa kanta ciwo na biyu.

HAƘURI DABAN, ZURFIN CIKI DABAN

Tun muna ƙanana ake gaya mana haƙuri maganin zaman duniya, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne, mace mai tallan sirrinta a kowace ƙofa ba ta da daraja. Amma mu 'yan mata mun ɗauki wannan tarbiyya mun kai ta inda ba a aike ta ba, har muka ɗauka duk wadda ta buɗe baki ta ce "abu kaza yana damuna" ta yi rashin kunya ko rashin tawakkali.

Mai haƙuri ita ce wadda abu ya same ta, ba ta yi saɓo ba, ba ta yi ramuwar gayya ba, ta nemi mafita ta hanyar da ta dace, ta jira lokaci. Mai zurfin ciki kuwa ita ce wadda ta kulle ƙofa da tagogi ta zauna da hayaƙi a ɗaki. Ta farko tana samun lada da sauƙi, ta biyu hawan ruwa kawai take yi ita kaɗai, kuma waɗanda za su iya taimakonta ba su ma san tana ciki ba. Hausawan da suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, su ne dai suka ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Ki duba tarihi. Lokacin da wahayi ya fara sauka ga Manzon Allah (SAW) a kogon Hira, ya dawo gida jikinsa yana rawa, bai ɓoye ba, ya gaya wa Nana Khadija (RA) abin da ya gani da tsoron da ya ji. Ta kwantar masa da hankali, sannan ta kai shi wurin ɗan uwanta Waraƙa ɗan Naufal, mai ilmin littattafan da suka gabata. Kin ga matakai biyu: faɗa wa makusanci, sannan zuwa wurin masani. In fiyayyen halitta ya yi haka, ke wace ce da za ki ce faɗin damuwa gazawa ce?

WA ZA KI FAƊA WA, KUMA TA YAYA?

Ba kowane kunne ne ya cancanci sirrinki ba. Ƙawar da take kawo miki sirrin wasu, ki tabbata naki ma tana kai musu. Ki zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu hankali da riƙon amana: mahaifiyarki, yayarki, ƙanwar mahaifiya, malamar Islamiyya, ko malamar da ke kula da ba ɗalibai shawara a makarantarku.

Na san da yawa za ku ce, "Tab, ni ina zan iya haɗa ido da Umma in yi mata irin wannan zance?" To ba sai kun haɗa ido ba. Ki bari sai kuna aiki ku biyu, kina tsince shinkafa tana yanka alayyafo, ko kina matsa mata ƙafa da daddare, ki ce, "Umma, don Allah akwai abin da ya daɗe yana damuna, kwana biyu ba na iya barci, ina so in gaya miki." Jumlar farko ce mai wuya, sauran da kansu za su biyo. In bakin ya ƙi buɗuwa, ki rubuta a takarda ki ajiye mata, ko ki gaya wa Anti ita ta isar.

Amma in damuwar taki wani ne yake taɓa ki ko yake tsorata ki, malami ne ko ɗan uwa ko mai riƙe da hotonki yana yi miki barazana, wannan ba ta jira sai gobe. Ki faɗa yau, in wadda kika fara gaya wa ba ta yarda ba ki gaya wa wata. Laifin nasa ne, kuma shirunki shi ne jarinsa.

ABUBUWAN DA KE HANNUNKI

Samu takarda ki raba ta biyu. A gefe ɗaya ki rubuta abin da za ki iya yin wani abu a kansa, a ɗaya gefen abin da ba ya hannunki. Tambayoyin da za su fito a jarrabawa ba sa hannunki, amma karanta babi ɗaya na lissafi yau yana hannunki. Ranar aurenki ba ta hannunki, amma koyon ɗinki ko girki ko komawa karatu yana hannunki. Na gefen farko ki ɗauki mafi ƙanƙanta ki fara da shi yau, na gefe na biyu ki kai shi kan sallaya ki miƙa wa Mai shi. Abin da yake cikin kai kamar dutsen Dala yake, in ya sauka a takarda sau da yawa sai ki ga layi uku ne.

Ki yanka wa tunani lokacinsa. Kamar minti goma sha biyar bayan la'asar, ki zauna ki yi saƙa da warwararki, ki rubuta. In ya zo miki cikin aji ko tsakar dare, ki ce masa ba yanzu ba, sai la'asar. Da farko zai yi miki taurin kai, amma a hankali yana sabawa.

In kika ji gaba yana faɗuwa, ki zauna, ki ɗora hannu a ciki, ki ja numfashi ta hanci a hankali kina ƙirga ɗaya zuwa huɗu har ki ji cikin ya taso, sannan ki sake shi ta baki kina ƙirga ɗaya zuwa shida. Ki maimaita kamar sau goma. Fitar da numfashi a hankali yana rage gudun zuciya, kuma za ki iya yinsa ko a ɗakin jarrabawa ba wanda ya sani.

Ki ba barci haƙƙinsa. Masana sun ce 'yar shekara 13 zuwa 18 tana bukatar awa 8 zuwa 10, babba kuma awa 7 ko fiye. Cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka karanta da rana. Saboda haka masu tsoma ƙafa a bokitin ruwan sanyi, a ci goro a sha kofi don a kwana karatu, ku sani kuna zuba ruwa a kwando ne. Goro da kofi da shayi mai kauri da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, shi kuma yana ƙara bugun zuciya da rawar hannu, ya kori barci. Wayar nan ma ki kashe ta ki ajiye nesa da matashi kafin ki kwanta.

Ki motsa jiki. Sinadaran nan da muka ambata don gudu aka sake su, to ki ba su aikin yi. Tafiya a ƙafa zuwa Islamiyya, daka, shara, wanki, tsallen igiya da ƙannenki a tsakar gida, duk suna sauke nauyin ƙirji. Kwanciya a ɗaki a rufe ƙofa a yi tagumi kuwa taki ne ga damuwa. Kuma ki ci abinci ko ba kya jin daɗin bakinki, ko da kunu ne da ƙosai.

HANYAR DA BA TA ƁULLEWA

'Yar uwa, ina roƙonki da girman Allah, duk wadda ta miƙo miki kwalba ko ƙwaya ta ce, "Sha wannan ki manta da komai," ki guje ta ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Da yawa daga matan da suka faɗa shan kodin da tiramol ba 'yan iska ba ne tun asali, damuwa ce ta kai su, kishiya ko saki ko yaudarar saurayi. Abin ya yi ƙamari har a watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi Najeriya. Kwalba takan ba ki mantuwar awa kaɗan, ki farka ki tarar da damuwarki tana nan zaune, ga kuma sabuwa ta samu. Haka ƙwayar barci, kada ki sha sai likita ya rubuta miki.

YAUSHE ZA A JE ASIBITI?

In damuwar ta ɗauki makonni ba ta sassauta ba, ta hana ki barci da ci da karatu, ko kin daina jin daɗin duk abin da kike so a da, kina kuka ba dalili, to lokacin ganin likita ya yi. Haka in tsoro yana taso miki farat ɗaya, ƙirji ya ɗaure, numfashi ya sarƙe, ki ji kamar ranki zai fita, bayan 'yan mintoci ya lafa. Wannan sananne ne a wurin likitoci kuma yana da magani. Zuwa asibitin yana da wani amfanin, domin ƙarancin jini, wanda ya yi yawa a tsakanin 'yan mata, da ciwon halittar maƙogwaro da ake kira tayirod, su ma suna sa bugun zuciya da kasala, gwaji ne kawai zai bambance.

In kuwa har zuciya ta fara raya miki cewa gara ki mutu ki huta, ko ki cutar da kanki, kada ki kwana da wannan tunani ke kaɗai. Ki gaya wa babba a daren, a kai ki asibiti.

Za ki iya farawa da asibitin da ke kusa da ku. In da bukata su za su tura ki gaba, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, akwai na Barnawa a Kaduna, da na Kware a jihar Sakkwato, da na Maiduguri. Kada kalmar "asibitin mahaukata" ta tsorata ki. Da yawa masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita su koma gida ko wurin aiki, wasu ma magana kawai ake yi da su ba a ba su ko ƙwaya ɗaya. Ita kanta hukuma ta sauya tunani, a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, don kare mutunci da haƙƙin masu irin wannan lalura. Addu'a da magani kuma ba kishiyoyi ba ne, ki riƙe duka biyun.

GARE KU IYAYENMU DA YAYYENMU

Na san mujallar nan takan bi hannu har ta kai ɗakin Umma, don haka ga ɗan saƙo cikin ladabi. In 'yarku ta yi ƙarfin hali ta zo muku da magana, ku daure ku ji ta har ƙarshe kafin ku yi faɗa. In ranar farko aka ce mata, "Rufe min baki, mu wace wahala ce ba mu sha ba?" to an rufe bakin ke nan har abada, gobe waje za ta kai, kuma ba ku san hannun da za ta faɗa ba. Ku rage yi mata gorin aure da gwada ta da 'yar maƙwabta. In ta faɗi jarrabawa akwai wata shekarar, akwai ma ta masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara. Takarda ana sake ta, 'ya kuwa ba a sake ta.

Ke kuma ƙawata, yau kafin ki kwanta ki yi abu biyu kawai: ki rubuta abin da ke cin ranki, ki kuma zaɓi wadda za ki gaya wa gobe. In kuma ke lafiya kike, ki waiga ajinku ko gidanku, akwai wadda ta yi shiru kwana biyu. Ki matsa kusa da ita ki tambaye ta, in ta ce lafiya lau, ki sake tambaya.

Allah Ya yaye wa kowa abin da ya dame shi, Ya ba ɗalibanmu sa'a, Ya haɗa 'yan matanmu da mazaje nagari. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.